Ƙarƙashin Harshen Saja Philip

Keziah na durƙushe a tsakar gida tana ɗaure damin dawar da za a kai coci gobe, sai wayarta ta yi ƙara. Ta goge hannu a zani ta ɗauka. Malam Lukuman ne, mai sayar da hatsi a kasuwar Zuru, aminin mijinta tun kafin su haifi 'yarsu Jessica.

"Maman Jessica, kada ki tada hankalinki."

Hankalin nata kuwa tuni ya tashi. "Ina Saja?"

"Ga shi nan yana yi min hwaɗa. Mun hwaɗi da babur kan hanyar Ribah, wani ɗan maraƙi ya gitta muna. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, shi kuwa kan babur ya doke shi a haƙarƙari. Ya tashi ya kaɗe wando ya tuƙo mu har gari. Sai da na yi mai ƙarya na ce ƙahwata ka ciwo, kana ya yarda muka shigo asibiti. Ki taho maza, ya hwara neman takalminai."

Ko zani ba ta canza ba. Ta ja ƙofa, ta tare ɗan kabu-kabu a bakin layi.

A kan hanya ba faɗuwar ce ta fi damunta ba, wanda ya faɗin ne. Saja Philip ya yi aikin soja har ya gaji ya dawo gida noma, kuma duk zaman da suka yi Keziah ba ta taɓa jin kalmar ciwo ta fito daga bakinsa ba. Zazzaɓi ya kayar da shi, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Kunama ta harbe shi, da sauƙi. Haƙori ya kumbura masa fuska har ido ɗaya ya rufe, da sauƙi. Kowa ma haka yake amsawa, gaisuwa ce. Amma sauran mutane in an gama gaisuwar sukan ɗan rage murya su faɗi inda ke musu ciwo. Shi Philip daga da sauƙi sai ya ja bakinsa ya kulle.

Ita kuma ta fi kowa sanin inda abin ya samo asali. Lokacin yana saurayi yana golmo, noman nan da samarin Lelna, mutanen ƙasar Zuru, ke yi a gonar surukai shekara da shekaru kafin a ba su mata, garma ta taɓa sare masa ƙafa a gonar mahaifinta. Ta kawo wa manoma ruwa ta ga jini na bin kunya, shi kuwa yana can gaba yana ta huɗa, har da jan waƙa. Ta ce masa ya ƙafar, ya ce da sauƙi. A ranar ta koma gida ta ce wa mahaifiyarta in ba wannan ba, ita ba ta so. Ta sha ba 'ya'ya da jikoki labarin a gabansa, yana ta hura hanci. Yau a bayan babur sai ta ji da ma ba ta faɗe shi da yawa haka ba.

Asibitin ƙarami ne, mai zaman kansa. Tun daga baranda ta jiyo muryarsa.

"Maraƙin ma ba shi da tarbiyya. Da a bariki ne, da na sa shi tsallen kwaɗo har la'asar."

Yana zaune a bakin gado, riga rataye a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa. Malam Lukuman na kan kujera ya ɓoye ɗayan a ƙarƙashin babbar rigarsa. Da Philip ya gan ta sai ya washe baki.

"A'a, Kwamanda da kanta? Wa ya kira ki? Lukuman, kai ne ko, sarkin gulma?"

"Baban Jessica, ya jiki?"

"Da sauƙi."

Wata matashiyar likita mai farin gilashi ta juyo daga bakin tebur. "Mama, sannu da zuwa. Sunana Rufaida. Gara da kika zo, don Baba ya fi ƙarfina."

"Me kika gani, 'yata?"

"Awon jininsa daidai yake, bugun zuciyarsa ma haka. Hoton cikin da na ɗauka bai nuna min komai a fili ba."

"Kin ji ko?" in ji Philip. "Yarinyar ta san aikinta. Lukuman, fito min da takalmina, na ga inda ka sa shi."

"Sai dai ban yarda da su ba," Rufaida ta ci gaba, ba ta ko kalle shi ba. "Maganin hawan jinin da yake sha yana hana zuciya gudu, ko da akwai abin da zai sa ta gudun. Kuma inda ƙarfen ya same shi, saifa ce a ƙarƙashi. Takan tsage ta riƙa zubar da jini a ciki sannu a hankali, mutum na zaune yana hira. Awo ɗaya ya rage nake roƙo."

"Allura ce?"

"Ba allura. Baki kawai za ka buɗe."

"Wannan kam gwani ne," in ji Lukuman.

Ta ɗauko wata 'yar na'ura daga akwatinta, ba ta fi tocila girma ba, da siririn tsinke a kai. Ta ce daga asibitin koyarwa ta taho da ita, wani bincike suke yi a kan masu haɗari. Ta yage sabuwar leda ta sa wa tsinken riga.

"Ɗaga harshe, Baba. Yauwa. Yanzu rufe baki. Kada ka yi magana sai ta yi ƙara."

Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da Keziah ta manta akwai shi a duniya. Philip na zazzare ido, tsinke a baki, kamar yaron da aka kama da alewa. Lukuman ya dube shi sama da ƙasa.

"Likita, ina aka samun wannan abu? Tun muna da baƙin gashi muke neman abin da zai ruhe bakin Saja."

Philip ya nuna shi da yatsa, alamar za su haɗu. Na'urar ta yi ƙara. Rufaida ta zare ta, ta duba, sai Keziah ta ga murmushin ya bar fuskarta.

"Faɗa min," Keziah ta ce.

"Iskar kabon take aunawa, Mama, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Naman jiki yana yin ta kullum, jini kuma yana zuwa yana kwashewa. Idan jinin ya fara ƙaranci, jiki yakan janye shi daga hanji da ƙarƙashin harshe ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Inda aka janye, ba mai kwashewa, sai iskar ta taru. A jikin mai lafiya ba ta cika wuce hamsin ba. Ta Baba ta kusa saba'in."

Philip ya gyara zama. Abin ya burge shi duk da haka. "Wato an kwashe sojoji daga ƙauyuka an kai hedikwata."

"Haka ne, Baba."

"Awon jinin kuma rahoton hedikwata ne, shi ya sa yake cewa komai lafiya."

"Ka fi ni iya bayani. Ni kuma ƙauyen na je na tambaya."

"To ƙauyen ƙarya yake yi." Ya miƙa hannu wajen Lukuman. "Takalmina. Gobe bikin godiyar kaka, ni ke ɗaukar dami na farko zuwa gaban bagadi. Tun da na dawo gida ba wanda ya taɓa ɗaukar min."

"Baba, ka bari in sa maka ruwa, in sake ɗaukar hoto, a nemo jini a ajiye. In abin da nake tsoro ne, aiki za a yi, kuma ba zai jira gobe ba."

"A yanka ni saboda tocila ta yi ƙara? Ban ji komai ba, 'yata. Ki tambaye ni sau ɗari."

"Ba inda ke maka ciwo? Kafaɗa? Ciki?"

"Da sauƙi."

Rufaida ta dubi Keziah. Ba za ta iya riƙe shi dole ba, dukkansu sun sani.

Keziah kuwa zuciyarta na ta neman hanyar da lambar nan za ta zama ƙarya. Ba ta son wuƙa ta taɓa shi, ba ta kuma son ya fita. Sai wani abu ya faɗo mata, ta ji kamar an ɗauke mata kaya.

"'Yata, in mutum yana da wani abu a ƙarƙashin harshen, zai rikita awon?"

"Kamar me?"

Keziah ta saci kallon mijinta. Shekarun baya, a taron zumuntar maza na coci, Philip ya miƙe gaban jama'a ya ce ya bar garin taba har abada. An tafa masa, fasto ya yi masa addu'a, Jessica ta sayo masa sabuwar hula.

"Garin taba," ta ce. "Mai kanwa. Yakan danna a bakinsa in zai yi tafiya mai nisa."

Philip ya juyo a hankali. "Wace taba? Ni da na bari?"

"Tana cikin gwangwanin man zafi, a aljihun wandonka na dama. Akwai wata a cikin tsohon but ɗinka na soja, akwai wata a bayan rumbu."

Lukuman ya kama kallon silin kamar yau ya fara ganin fanka.

"Kin sani?" Muryar Philip ta yi ƙasa. "Tun yaushe?"

"Tun satin da aka tafa maka. Wa kake tsammani ke wanke aljihun? Wa yake kwashe gwangwanin bayan rumbu in hadari ya taso ya mayar in an ɗauke?"

"Na ɗauka Lukuman ne."

"Ni kawo ma kawai nake yi," in ji Lukuman. "Ban da sabis."

Rufaida ta danne dariyarta. Ta haska bakinsa da fitila, ga burbushin nan baƙi-baƙi a gindin haƙora. "Gaskiya ban taɓa gwada ta a bakin mai taba da kanwa ba," ta ce. "Tana iya rikita ta, ba zan rantse ba. Mu wanke bakin, mu jira kaɗan, mu sake. In lambar ta sauko, zan yi murna fiye da kowa."

"In ta sauko a ba ni takalmina."

"In ba ta sauko ba fa?" in ji Rufaida.

"Za ta sauko."

Aka kawo ruwa da ƙaramin kwano. Ya kuskure baki ya tofar, ya sake, ya sake. Rufaida ta fita ta ce a kira mata babban likita mai aikin tiyata ya zauna kusa, ko da a ce. Keziah ta zauna a gefen gadon, ta ji sanyi a ranta. Taba ce kawai. Za su koma gida, ta yi masa faten da yake so, ta tsokane shi har mako guda.

"Ba ki taɓa faɗa ba," ya ce, bai kalle ta ba.

"Da na faɗa ka canza wurin ɓoyo, in sha wahalar nema."

"Kada ki gaya wa Jessica."

"Jessica ce ta fara ganin na cikin but."

Ya yi dariya, amma dariyar ta tsaya a tsakiya, kamar wanda ya taka ƙaya. Keziah ta lura. Ta lura kuma da cewa tun shigowarta hannun hagu na kan cinyarsa bai motsa ba, komai da dama yake yi. Gumi ya tsattsafo a saman leɓensa, alhali fanka na juyawa. Kuma ya daɗe bai zagi maraƙin ba.

Rufaida ta dawo da sabon tsinke. "Ɗaga harshe, Baba."

Wannan karon Lukuman bai yi barkwanci ba. Keziah ta ƙura wa 'yar tagar na'urar ido, lambobi na ta canzawa, tana roƙon su a zuci su tsaya a ƙasa. Suka wuce hamsin. Suka wuce sittin ba su ko waiwaya ba. Da ƙarar ta zo, Rufaida ta juyo mata da fuskar na'urar ta gani da kanta.

Ta haye saba'in.

"Ba tabar ba ce," Rufaida ta ce a hankali. "Ƙaruwa ma take yi. Baba, jini na zuba a cikinka. Hedikwatar ma ba za ta daɗe tana cewa lafiya ba."

Philip ya sauko daga gadon ya tsaya, ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a siminti. Ya tsaya ƙyam kamar a fareti. "Ga ni a tsaye. Mai zubar jini yana tsayuwa haka? Lukuman, in ba za ka ba ni ba, a haka zan tafi."

"Saja, don girman Allah ka zamna."

"Malam Lukuman," Keziah ta ce, "ɗan ba mu wuri. 'Yata, ke ma."

Rufaida ta tsaya a bakin ƙofa. "Mama, ba mu da lokaci da yawa."

"Na sani. Ba zan daɗe ba."

Da ƙofar ta rufu, Keziah ta bar Hausa ta koma C'lela, yaren da ya nemi aurenta da shi.

"Zauna."

"Ba abin da..."

"Zauna, ba ciwon zan tambaye ka ba. Labari zan ba ka."

Ya zauna, ya dafa gadon da hannun dama.

"Ka tuna ranar da garma ta sare ka a gonar Baba?"

"Wa zai manta? Kin gaya wa duk Zuru."

"Rabi na gaya musu. Bayan an tashi aiki, sauran samari suka nufi gida, kai ka ce za ka wanke garmarka a rafi. Ni kuma na manta tuluna, na koma ɗauka. Akwai wata ɗorawa a kan hanyar rafin, mai rassa har ƙasa."

Philip ya kau da kai.

"Kana zaune a bayanta, ka rungume ƙafar da hannu biyu. Kana kuka, Baban Jessica. Ba ɗan hawaye ba, kuka da majina, kana kiran mahaifiyarka. Na laɓe a bayan dawa har ka gama. Ka wanke fuska, ka ɗaure ƙafar da ganye, ka miƙe ka kama waƙarka daga inda ka tsaya."

"Ba ni ba ne."

"Kai ne. Wandonka mai faci ja a gwiwa."

Ya sunkuyar da kai. Gumin ya fara ɗiga daga haɓarsa.

"Samarin da ke cewa da sauƙi sun cika gonar a ranar, ba kai kaɗai ba. Da irinsu nake nema, da na zaɓi wanda ya fi ka tsawo. Na bayan ɗorawar na gani na ce wa Inna shi nake so. Shi na aura. Mai waƙar nan ƙyale shi kawai na yi yana biye da mu, tunda na ga kana sonsa." Ta kama hannunsa na hagu, ya yi sanyi kamar randa. "Yau mai waƙar zai kashe min miji. Ka ce masa ya fita ya jira a waje tare da Lukuman. Da na bayan ɗorawa nake son magana."

Fanka na ta juyawa. A waje wani ɗan kabu-kabu na ta danna oda. Leɓen Philip ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa.

"Kafaɗar hagu," ya ce, da ƙyar ake ji. "Kamar ana buga min ƙusa, tun a hanya. Cikin ya yi nauyi. Kuma tun ɗazu ɗakin yake ɗan juyawa." Ya damƙe hannunta. "Keziah, tsoro nake ji. Wanda aka sa wa maganin barcin nan, ba kowa ke tashi ba."

Rabon da ya kira sunanta haka ziryan, tun kafin a haifi Jessica.

"Ni ma tsoron nake ji," ta ce. "Kwanta."

Ya kwanta. Ta cire masa takalmin da ya rage, ta buɗe ƙofa.

"Kafaɗar hagu da ciki," ta ce wa Rufaida da Hausa. "Ya yarda."

Daga nan komai ya kama gudu. Aka sa masa ruwa hannu biyu. Rufaida ta shafa masa man nan mai sanyi a ciki ta sake ɗora na'urar hoto, wannan karon kuwa ba sai an yi bayani ba, wani baƙin tabo ya malale a gefen hagu inda ɗazu babu. Babban likita ya shigo yana naɗe hannun riga. Aka ce jini. Lukuman ya miƙa hannunsa tun kafin a ƙarasa maganar, aka gwada aka ga ya yi daidai. Da aka gama ɗibar nasa, bai ko sha lemon da aka ba shi ba, ya fita bakin titi ya dawo da 'yan kabu-kabu da wasu 'yan dako daga kasuwa, duk waɗanda Saja ya taɓa yi wa faɗa kan gudu ko kan tarbiyya.

Ana tura gadon zuwa ɗakin tiyata awon jinin nasa ya fara faɗuwa. Keziah ta ji wata nas tana faɗa wa Rufaida, ta ga sun ƙara sauri. Ta bi gadon har bakin ƙofa. Philip ya laluba aljihunsa na dama ya zaro gwangwanin man zafi ya danƙa mata.

"Riƙe min. Kada ki zubar."

"Yaushe na taɓa zubarwa?"

Ƙofa ta rufu.

Ta zauna a kan benci ƙarƙashin mangwaro, gwangwanin a tafin hannunta, takalmin a kan cinya. Ta kira Jessica a Kaduna ta gaya mata gaskiya ba ragi. Ta yi addu'a da C'lela, ta yi da Hausa, da kalmomin suka ƙare ta zauna kawai. Aka kira sallar la'asar, Lukuman ya tashi yana layi saboda jinin da aka ɗiba, ya tafi masallacin da ke tsallaken titi. Da ya dawo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Na gaya ma Allah," ya ce. "Na ce in ya ɗauke shi, ban san wa zai riƙa zagina da sahe ba."

Keziah ta yi dariya, dariyar ta zarce da hawaye, ya kau da kai ya bar ta ta gama.

Rana ta yi sanyi, inuwar mangwaron ta kai bakin baranda, sannan Rufaida ta fito tana cire hular tiyata. Keziah ta ɗago kai ta ƙura mata ido.

"Saifar ce, Mama. Ta tsage, mun cire ta. Jinin da ya taru a ciki ba kaɗan ba ne. Da ya kama hanyar gida, ban jin zai kai ƙofa." Ta zauna a kusa da ita, ita ma gajiyar ta kama ta. "Yana numfashi da kansa. Za a yi masa wasu allurai na rigakafi, zai kuma riƙa kula da zazzaɓi fiye da da. Amma yana nan." Ta juyo ta dube ta. "Me kika ce masa? Na yi ta fama da shi tun safe."

"Wani tsohon labari ne na gona."

Washegari Lahadi, hantsi ya ɗaga, ana jiyo gangunan coci daga nesa. Philip na kwance, an liƙe masa ciki da bandeji, fuskarsa ta faɗa, amma idon na nan da ƙyallinsa. Lukuman ya shigo da ƙaiƙayin dawa a kafaɗar rigarsa.

"Na kai damin. Na ɗaure shi bayan babur na kai har bakin ƙohwar coci, na ce na Saja ne, shi za a hwara shiga da shi. Hwasto ya ce in shigo, na ce ya yi min addu'ar daga nan, za ta iso."

"Wa ya ɗauka zuwa ciki?"

"Mutum huɗu. Na ce musu kai kaɗai kake ɗauka, suka ce sun sani, kai ma ka sha gaya musu." Ya ja kujera. "Kuma ka sani yanzu jinin Bakabe na yawo a jikinka. In ka ji kana marmarin kihi da shinkahwa, kada ka yi mamaki."

"Shi ya sa tun da na farka nake jin son gulma."

Rufaida ta shigo da 'yar na'urarta. Bai jira an ce masa ba, ya ɗaga harshe, ya rufe baki, ya yi shiru har ta yi ƙara. Ta duba ta juyo wa Keziah da ita. Arba'in da takwas.

"Sojoji sun koma ƙauye, Baba."

"A gaishe su."

Da likitar ta fita, Lukuman ya bi ta yana tambayar ko akwai wadda ake barin ta a baki yini guda. Keziah ta gyara masa matashi, ta goge masa goshi da gefen mayafinta.

"Baban Jessica, ya jiki?"

"Da sau..." Ya tsaya. Ya dubi ƙofa ya tabbatar ba kowa, sannan ya rage murya. "Akwai ciwo. Nan inda suka ɗinke, in na yi tari kamar zan rabe biyu. Bayana ma ya gaji da gadon nan."

"Madalla," ta ce. "Sai kuma ina?"

Ya yi tunani. "Bakina ba daɗi. Ina gwangwanina?"

"Yana nan a ɗaure a bakin zanina."

"Ko ɗan kaɗan?"

"Likita ta ce ko ruwa sai ta ba da izini." Ta ja kujerarta kusa da gadon ta zauna. "Ci gaba. Ka ce baya, ka ce ɗinki. Ƙafar da garma ta sare fa? Ina ganin kana ɗingisa ta duk lokacin damina."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sauke numfashi a hankali, yana dafe da ɗinkin.

"Ita kam," ya ce, "ba ta taɓa dainawa ba."